Janar Murtala Muhammad: Sojan Sadarwa a Zamanin da Duniya Ke Kasa Kunne ga Nijeriya

Kwanaki kusan 200 kacal Janar Murtala Ramat Muhammad ya yi a kan karagar mulkin Nijeriya, daga ranar 29 ga Yuli, 1975, zuwa safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Idan aka ambaci sunansa, abin da ya fi zuwa bakin mutane shi ne sallamar dubban ma'aikatan gwamnati, da ƙirƙiro sababbin jihohi, da shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Ba a cika tuna cewa sana'arsa ta asali a gidan soja ita ce sadarwa ba, wato aikin waya da rediyo da isar da saƙo tsakanin rundunoni. Ya kuma rayu a zamanin da ake shelar juyin mulki a gidan rediyo, ake gwabza yaƙin farfaganda a gidan rediyo, manyan ƙasashen duniya kuma suka kafa tashoshi na musamman a Afirka domin sauraron abin da gwamnatoci ke faɗa wa jama'arsu. Ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi tana Kaduna. Tarihin Murtala yana ƙara fitowa fili idan aka karanta shi tare da wannan al'amari.

Daga Kano zuwa rundunar sadarwa

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Sunan mahaifinsa Muhammadu Riskuwa, mahaifiyarsa kuma Uwani Rahamatu. Ya fara karatun boko a makarantar Cikin Gida da ta Gidan Makama, ya wuce Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, sannan ya tafi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya kammala a 1957. Ya shiga aikin soja a 1958, ya sami horon farko a Teshie da ke Gana, daga nan aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A 1961 aka ba shi muƙamin Laftanar na biyu, aka sanya shi a rundunar sadarwa, ya kuma yi kwas na wannan fanni a Catterick.

Aikinsa na farko a wajen gida shi ne cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ƙasar da aka kashe firaministanta na farko, Patrice Lumumba, a watan Janairun 1961, ta kuma zama fagen ja-in-ja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Matashin hafsan ya ga da idonsa yadda rikicin ƙasar Afirka ke komawa rikicin manyan ƙasashe. Da ya dawo a 1962, ya zama dogarin Dokta Moses Majekodunmi, wanda aka naɗa kantoman Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963, shekarar da ya auri Ajoke, aka ba shi jagorancin sashen sadarwa na Birged ta Ɗaya a Kaduna.

Kunnuwan da ke Kaduna

A Kadunar da Murtala ke kula da wayoyin soja, gwamnatin Amurka tana da tashar sauraron gidajen rediyo tun farkon shekarun 1960. Tashar reshe ce ta hukumar FBIS, wadda aka kafa a 1941 domin sauraron farfagandar Jamus da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma koma ƙarƙashin hukumar leƙen asiri ta CIA a 1947. Birtaniya tana da irin wannan sashe a BBC tun 1939, kuma ɓangarorin biyu sun raba yankunan duniya a tsakaninsu suna musayar abin da kowa ya ji.

Aikin irin wannan tasha a bayyane yake, domin abin da aka watsa wa kowa da kowa take saurare. Ana kafa dogayen eriya masu kama gajeren zango, a zaunar da ma'aikata masu jin harsuna daban-daban, kowa da gidajen rediyon da aka ba shi. Su naɗi labarai da jawaban shugabanni, su fassara zuwa Ingilishi, editoci su tace, a tura ta waya zuwa Washinton, a buga a rahoton kullum da jami'an gwamnati ke karantawa. Amfanin aikin yana cikin kula da ƙananan abubuwa: sunan wa aka fara ambata a labarai, wace kalma aka daina amfani da ita, wace ƙasa aka fara yi wa habaici, da kuma ranar da shirye-shirye za su tsaya a saki kiɗan soja. A wancan lokaci sararin samaniyar Afirka ta Yamma cike yake da muryoyi. BBC ta fara Hausa a 1957, sannan Jamus da Sin da Masar da Tarayyar Sobiyet suka biyo baya, kowa na neman kunnen mai sauraro. Wasu na magana da Afirka, wasu kuma na sauraron abin da Afirka ke faɗa.

Nan da nan Nijeriya ta ba masu sauraron aiki. Ranar 15 ga Janairu, 1966, bayan kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, a gidan rediyon Kaduna Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi shelar juyin mulkinsa. An kashe Firaminista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa da dama, Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki.

Juyin mulkin Yuli da yaƙin basasa

A watan Afrilun 1966 aka ƙara wa Murtala girma zuwa Laftanar Kanar, aka kuma naɗa shi Sufeton Sadarwa a hedikwatar soja da ke Legas, muƙamin da ya sanya hanyoyin isar da saƙo na rundunar ƙasa a hannunsa. Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, 1966, wanda a cikinsa aka kashe Ironsi da mai masaukinsa, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, a Ibadan, tare da sojoji 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a barikoki daban-daban. A kwanakin tattaunawar da aka yi a barikin Ikeja, Murtala yana cikin masu ra'ayin Arewa ta ɓalle, abin da aka riƙa kira araba. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Birtaniya da Amurka suka matsa lamba a bar ƙasar a dunƙule, kuma a ƙarshe Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaba ranar 1 ga Agusta. A nan Murtala ya ga irin nauyin da maganar jakadun waje ke da shi a kan makomar Nijeriya, ko da yake a wannan karo shawarar tasu ta zo daidai da abin da ya sadaukar da ransa a kansa daga baya, wato zaman Nijeriya ƙasa ɗaya.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojojin Biyafara suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya a watan Agusta, aka ɗora wa Murtala nauyin haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa. Ya ƙwato birnin Benin a watan Satumba, ya kora abokan faɗa har bakin Kogin Kwara. Wannan nasara ce ta fito da sunansa, amma a wannan fage ne kuma tarihinsa ya sami tabon da bai goge ba. A farkon Oktoban 1967, sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan maza fararen hula a garin Asaba, kuma mutanen garin suna juyayin wannan rana har yau. Sau uku ya yi yunƙurin tsallake kogi kai tsaye zuwa Onica, ba tare da bin shawarar hedikwata ba, sau uku ana asarar rayuka masu yawa. Sai a watan Maris na 1968 aka kama Onica ta hanyar ƙasa, kuma a ƙarshen wannan wata aka yi wa ayarin kayan rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi. A cikin shekarar ya bar fagen daga ya koma muƙaminsa na Sufeton Sadarwa.

Yaƙin ya koyar da darasin da sojan sadarwa ba zai manta ba. Biyafara tana rasa garuruwa, amma rediyonta bai yi shiru ba, kuma ta hanyarsa da kamfanonin yaɗa labarai na Turai ta ja hankalin duniya fiye da yadda Legas ta iya. Abin da ƙasashen waje suka ji a akwatin rediyo ya yi tasiri a kan wanda suka tausaya wa da wanda suka sayar wa makamai.

Bayan yaƙi ya halarci kwalejin manyan hafsoshi a Ingila, ya zama Birgediya a 1971. Ranar 7 ga Agusta, 1974, Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya.

Kwanaki 200

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OAU, a Kampala, Kanar Joseph Garba ya shiga gidan rediyon Legas ya sanar da kifar da gwamnatinsa. Ba a zubar da jini ba. Hafsoshin da suka shirya juyin suka miƙa shugabanci ga Murtala, Olusegun Obasanjo ya zama na biyu a gwamnati, Theophilus Danjuma, ɗan asalin Takum, ya zama shugaban rundunar sojan ƙasa. Murtala yana da shekara 36 a lokacin.

Salon mulkinsa na gaggawa ne. Jawabansa gajeru ne, umarninsa kuma na nan take. Ya soke sakamakon ƙidayar 1973 da ta jawo gardama, ya sauke gwamnonin jihohi 12, ya tunkari cunkoson jiragen siminti da suka toshe tashar ruwan Legas. Aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, har da alƙalai da malaman jami'a da 'yan sanda, bisa zargin cin hanci ko gazawa ko tsufa. Talakawa da dama sun yi murna, amma an sallami mutane masu yawa ba tare da an saurari bahasinsu ba, kuma masana da yawa suna ganin tun daga nan ma'aikacin gwamnati ya daina amincewa kujerarsa za ta kai shi ritaya. A fannin yaɗa labarai, gwamnatinsa ta karɓi kashi 60 cikin 100 na jaridar Daily Times, ta kuma mallaki New Nigerian ta Kaduna.

Ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya sanar da mayar da jihohi 19 da kuma amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. A wannan rana aka raba Jihar Arewa maso Gabas gida uku, Bauci da Barno da Gongola. Garuruwan ƙasar Muri, irin su Jalingo da Sunkani, suka faɗa cikin Gongola mai hedikwata a Yola, har zuwa 1991 da aka fitar da Jihar Taraba.

Angola: magana a bainar jama'a

Babban gwajin Murtala a idon duniya ya zo ne daga Angola. Bayan juyin mulkin Fotugal na Afrilun 1974, aka tsayar da 11 ga Nuwamba, 1975, a matsayin ranar 'yancin ƙasar, alhali ƙungiyoyi uku na faɗa da juna: MPLA ta Agostinho Neto, wadda Tarayyar Sobiyet da Kyuba ke mara wa baya, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi, waɗanda Amurka ke taimaka wa a ɓoye. Da farko Nijeriya tana goyon bayan a kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Abin da ya sauya lissafi shi ne shigar sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu cikin Angola a watan Oktoba, suna dannawa arewa a gefen FNLA da UNITA. Ranar 25 ga Nuwamba, 1975, Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20.

Shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su amince da MPLA ita kaɗai, yana kuma ɗaura janyewar Afirka ta Kudu a kan janyewar Kyuba da Tarayyar Sobiyet. A al'adar diflomasiyya irin wannan wasiƙa a aljihun tebur take kwana, a mayar da amsa a asirce. Gwamnatin Murtala ta miƙa ta ga 'yan jarida a farkon Janairun 1976, tare da martani mai zafi da ya ɗauke ta a matsayin raini ga hankalin shugabannin Afirka. Masu aikin sauraro, waɗanda suka saba tono manufar gwamnati daga tsakanin kalmomi, a wannan karo ba su buƙaci tono ba, domin an karanta matsayin Nijeriya a rediyo kowa ya ji.

Ranar 11 ga Janairu, 1976, Murtala ya yi jawabi a taron gaggawa na OAU a Adis Ababa. Jigon jawabin shi ne Afirka ta kai munzalin yanke wa kanta shawara, ba ta ƙarƙashin ikon wata babbar ƙasa, kuma ba za a daidaita waɗanda suka taimaki masu neman 'yanci da waɗanda suka ƙarfafa wariyar launin fata ba. Taron ya tashi ƙasashe 22 na goyon bayan MPLA, 22 na neman gwamnatin haɗin gwiwa. Amma cikin makonni ƙasashe suka riƙa sauya matsayi, kuma ranar 11 ga Fabrairu, 1976, OAU ta karɓi Angola a ƙarƙashin gwamnatin Neto. Saura kwana biyu a rayuwar Murtala.

Safiyar Juma'a

Murtala, wanda aka ba muƙamin cikakken Janar a watan Janairu, bai tare a barikin Dodan ba, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana fita ba jiniya ba jerin gwanon motoci. Safiyar 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis, motarsa ta tsaya a cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya, sojoji masu biyayya ga Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Ya rasu nan take tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. A Jihar Kwara kuma aka kashe gwamnan jihar, Kanar Ibrahim Taiwo.

Dimka ya yi abin da kowane mai juyin mulki na zamanin ke yi, ya kama gidan rediyon Ikoyi ya yi shela. Ya kuma je ofishin jakadancin Birtaniya yana neman a sada shi da Gowon, wanda ke karatu a Ingila. Kwamandojin rundunoni a wajen Legas suka nesanta kansu da shi, kuma kafin faɗuwar rana dakarun da Danjuma ya tura, ƙarƙashin Kanar Ibrahim Babangida, sun ƙwace gidan rediyon. Aka kai gawar Murtala Kano aka yi mata sutura. Yana da shekara 37.

Zuwan Dimka ofishin jakadanci, ga kuma zafin rikicin Angola, ya sa zargin hannun ƙasashen waje ya bazu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin Birtaniya da Amurka a Legas. A watan Maris Nijeriya ta nemi a janye jakadan Birtaniya, Sa Martin Le Quesne, kuma da sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya zagaya Afirka a Afrilu, Legas ba ta karɓe shi ba. A cikin wannan zamani na tsamin dangantaka aka rufe tashar sauraro ta Kaduna, daga bisani aikin sauraron yankin ya koma Abijan. Shari'ar da aka yi a gida kuwa a kan 'yan Nijeriya ta tsaya: aka harbe Kwamishinan Tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla, da wasu da dama a watan Maris, aka harbe Dimka ranar 15 ga Mayu. An zargi Gowon da hannu, ya musanta, kuma gwamnatin Shehu Shagari ta yi masa afuwa a 1981.

Abin da ya bari

Obasanjo, wanda ya gaje shi, ya cika alkawarin 1 ga Oktoba, 1979. Abuja ta zama babban birni a hukumance a Disambar 1991. Nijeriya ta ci gaba da tallafa wa masu neman 'yanci a Zimbabuwe da Namibiya da Afirka ta Kudu, har aka riƙa lissafa ta cikin ƙasashen sahun gaba a wannan gwagwarmaya duk da nisanta da yankin. Hotonsa yana kan takardar naira 20 tun 1977, filin jirgin saman Legas da babban asibitin cikin birnin Kano suna ɗauke da sunansa, motar da aka harbe shi a ciki kuma tana gidan tarihi na ƙasa a Legas.

Mai son yi masa adalci dole ya haɗa duka: Yulin 1966 da Asaba da gaggawar da ta ci rayukan sojoji a bakin Kwara, da sallamar ma'aikata ba bincike, tare da sauƙin kai, da cika magana, da ƙarfin halin da ya nuna a kan Angola. Sauraron ƙasashen waje bai tsaya da rufe tashar Kaduna ba. Hukumar FBIS ta rikiɗe zuwa wata sabuwar cibiya a 2005, kuma yau shafukan intanet da na sada zumunta ake bibiya fiye da gajeren zango. Kowace gwamnati ta san ana jin ta. Abin da Murtala ya nuna a watannin ƙarshe na 1975 da farkon 1976 shi ne cewa ƙasar da ta san matsayinta, ta kuma yarda ta biya kuɗinsa, tana iya faɗarsa da muryarta a gaban jama'arta da baƙi a lokaci guda. Allah Ya jiƙansa da rahama.